Haruffa Ukun da Na Yi Shekara Tara Ina Sokewa

Mahaifina maɗori ne. A ƙauyenmu, wanda ke bakin kogi kudu da Abu Hujar, duk baƙon da ya sauka daga mota ya tambayi gidan basir, wato mai ɗori a bakin Larabawa, gidanmu ake nuna masa. Tun ina ƙarama na saba da ganin mutanen da ban sani ba kwance a gidanmu, ƙafa ko hannu ɗaure da karan ɗori da farin ƙyalle. Maza suna sauka a ɗakin baƙi na ƙofar gida, mata kuwa a ɗakin da ke jikin na Inna. Wasu kwana uku su tafi, wasu sai sun yi wata biyu, har su koyi gaisuwa da Hausa.

Ni ban gaji ɗori ba. Malamar Turanci ce ni a makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu, kuma lokacin da wannan abu ya faru ina cikin shekarata ta tara a aikin. Ni ce ɗiyar garin ta farko da ta je Sinnar ta yi karatun malanta ta dawo tana koyar da Turanci, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a kan haka. Tsofaffin da suka goya ni suna ce mini ustaza. Idan aka aiko wa wani da takardar magani ko wasiƙa da Turanci, ni ake kawo wa, abin da na faɗa kuma ya zauna.

Bayan la'asar 'yan ajin ƙarshe, masu shirin imtihani, wato jarrabawar fita, sukan zo gidanmu in ƙara musu darasi a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ina da ƙaramin allo da nake jinginawa a jikin dogonyaro. Littafi da Turanci yake, ƙa'ida da Larabci nake ba da ita, in kuma na ga fuskoki sun yi duhu sai in sauko zuwa Hausa.

Akwai ƙa'ida biyu da nake alfahari da yadda na dasa su a kan ɗalibaina. Ta farko, idan fi'ili ya biyo bayan ƙananan kalmomin nan da muke kira harafin jarri, irin su *in* da *of* da *after* da *without*, dole a liƙa masa *ing* a wutsiya: *after eating, without asking, tired of waiting*. Wannan daidai ne, har gobe. Ta biyu, bayan kalmar *to* fi'ili tsirara yake zuwa, ba a ƙara masa komai: *want to go, like to read*. Haka malaminmu na Sinnar ya koya mana yana buga tebur da rula, ni ma haka na koyar, har na mayar da ita waƙa. In ce "bayan *to*," aji ya amsa "babu *ing*." Yaran da ba su shiga makaranta ba ma sun iya ta, suna rerawa a hanyar ɗiban ruwa.

A littafin ajin ƙarshe akwai wata wasiƙa da wata yarinya ta rubuta wa ƙawarta, ta rufe ta da cewa *I am looking forward to seeing you*, wato tana ɗokin ganinta. Shekarata ta farko da na ga wannan jimla na yanke hukunci cewa kuskuren masu buga littafi ne. Na sa ɗalibai suka ɗauki biro suka soke haruffa ukun ƙarshe na *seeing*. Littattafan makaranta gado ake yi, aji ya bar wa aji, saboda haka cikin 'yan shekaru babu littafi ɗaya a ma'ajinmu da ba a soke su ba. Idan sababbi suka zo, su ma in sa a gyara.

A ƙarshen damina na waccan shekarar aka kawo mana wata tsohuwa daga Managil. Ɗanta ne ya kawo ta a bayan mota, kwance a kan katifa. Ta zame a ƙofar banɗaki ƙashin ƙaurinta ya karye, an ce sai an yi mata aiki, ta ce ba za a yanka ta ba. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, ba ta kuma da yawan magana. Muna ce mata Hajja. Baba ya duba ƙafar, ya ɗora, ya ce kwana arba'in. Ɗan ya kwana biyu ya koma aikinsa, abin da kawai ya faɗa mana game da ita shi ne ta yi aikin gwamnati ta yi ritaya.

Da rana ɗakin yakan yi zafi, sai mu jawo gadonta na igiya zuwa bakin ƙofa ta sha iska. Daga nan zuwa rumfata bai fi taku biyar ba. Takan kwanta da carbi a hannu, ido a lumshe, ni kuma in ci gaba da darasina kamar babu kowa.

Wata Talata na ba ɗalibaina aikin rubuta wasiƙa. Cikin 'yan matan akwai ɗiyar wani masunci, doguwa, mai kaifin kai, wadda ba ta yarda da abu sai ta juya shi ta ga bayansa. Da na karɓi takardarta sai na ga ta rufe da *looking forward to seeing you*, da haruffan nan uku cur. Na ja musu jan layi na miƙa mata.

"Ustaza, haka yake a littafi," ta ce.

"Kuskuren bugu ne. Ba mu soke shi ba?"

"Nawa ba na makaranta ba ne. Kawuna ya kawo mini sabo daga Damazin." Ta buɗe ta nuna mini. Sannan ta juya shafuka zuwa can baya, wurin da ba mu taɓa kaiwa ba kafin shekara ta ƙare, ta ɗora yatsa. "Ga shi nan kuma, *looking forward to meeting*. Sau biyu za su yi kuskure iri ɗaya?"

Da ni da ita ne kawai, wataƙila da na tsaya na duba. Amma ga sauran 'yan matan sun zuba mini ido, ga baƙuwa a bakin ƙofa. Na ce ta miƙe tsaye, na tambaye ta ko ita ce ta je Sinnar ko ni. Na sa ta maimaita waƙar nan ita kaɗai sau goma, sauran suna ƙunshe dariya. Ta yi, muryarta tana raguwa har ta kai goman. Ta zauna, ta rufe littafinta, ba ta sake ɗaga kai ba. Washegari ba ta zo rumfa ba, ranar Alhamis ma haka. A makaranta ta koma bencin baya, in na yi tambaya ta kalli taga.

Hajja kuwa ban ma tabbata ta ji ba.

Ranar Juma'a da hantsi babu makaranta. Ina zaune kusa da gadonta ina soya mata 'ya'yan gahawa a kan gawayi, Inna tana gefe tana yin kisra, waina mai faɗi marar kauri ta garin dawa. Sai na ji an tambaye ni, da Turanci mai tsabta irin wanda ban taɓa ji ba sai a rediyo, shekara nawa na yi ina koyarwa. Na waiga ina neman mai magana. Hajja ce, tana kallona ta saman tabarau. Saura kaɗan kaskon ya suɓuce daga hannuna.

Ta yi murmushi ta koma Larabci. Ta ce ta yi shekara talatin da ɗoriya tana koyar da Turanci, rabinsu kuma malamai take koya wa yadda ake koyarwa. Na shiga tuna duk abin da na faɗa a rumfar nan cikin sati biyu.

"Kina da kyauta, ya bitti," ta ce, wato 'yata. "Ba na jin yarenku, amma ina ganin fuskokinsu suna buɗewa idan kin koma shi. Ina so ki koya mini wani abu. Yaya kuke cewa mutum ya gaji da zaman wuri ɗaya, kamar ni ɗin nan?"

Na ce, "Na gaji da zama."

"In kuma za ki umarci mutum ya zauna?"

"Zauna."

Ta gwada su a bakinta, zama, zauna. Sannan ta ce, a hankali, da Hausarta ta minti ɗaya, "Na gaji da zauna."

Inna ta fashe da dariya har kisrar ta naɗe mata. "Wa ka magana hakan ga? Ce mata zama a ka cewa, ba zauna ba."

Na fassara mata. Hajja ta ji daɗi ƙwarai. Ta sa na ba ta wasu: na saba da tafiya, ba na saba da tafi ba, bayan zuwa, ba bayan zo ba. Ta ce ashe yarenmu ma kamar Larabci yake, kamar Turanci, ƙaramar kalmar nan ba ta yarda fi'ili ya biyo ta sai ya zama suna. A Larabci masdari muke ce masa, a Turanci kuma *ing* ce ke yin wannan aiki. Na gyaɗa kai, domin wannan na san shi, ko da yake ban taɓa lura cewa a bakina yake tun ina goye ba.

"Saura *to*," ta ce. "Ita iri biyu ce, kamanninsu ɗaya. Ɗaya ta fi'ili ce, ita ce ta *want to go*, kuma abin da kike koyarwa a kanta daidai ne. Ɗayar kuwa harafin jarri ce, 'yar'uwar *in* da *of*. In kina son ki gane wacce ce a gabanki, ki cire fi'ilin ki sa suna. Za ki iya cewa *I am looking forward to the holiday*?"

Na ce ana cewa.

"*I want to the holiday* fa?"

Na ce ba a cewa.

"Shi ke nan. Wadda ta karɓi suna harafin jarri ce, in fi'ili zai biyo ta sai da *ing*. *Looking forward to seeing. Used to walking*, idan sabo ake nufi, irin naku na saba da tafiya. Ba su da yawa, amma suna nan." Sannan ta ƙara da cewa, "Yarinyar nan tana da gaskiya."

Gahawar ta ƙone, ƙaurinta ne ya dawo da ni. Na sauke kaskon na ce mata malaminmu na Sinnar ba haka ya koya mana ba, kuma shi ya zauna da Turawa. Har yanzu ina jin kunyar wannan amsa. Ba ta yi gardama ba. Ta ce kada in ɗauki maganar tsohuwa mai karyayyar ƙafa, ina da waya, in je in duba da kaina.

A ƙauyenmu waya ba ta kama sadarwa sosai sai a kan gaɓar kogi, wajen lambunan mangwaro. Bayan azahar na yafa mayafina na tafi can. Na rubuta jimlar yadda nake koyar da ita, wayar ta gyara mini ita. Na buɗe ƙamus, na buɗe wani, na buɗe na uku, ina neman ko guda ɗaya da zai tsaya mini. Babu. Na zauna a kan tushen wani mangwaro ina kallon ruwa. Aji tara suka wuce ta hannuna. Wasu suna jami'a, wasu suna aiki, kowacce tana ɗauke da waƙata a kanta. Ga littattafan gwamnati da na sa aka ɓata da biro. Ga kuma yarinyar da na tsayar.

Da na dawo gida sai na tarar da wani labarin. Ɗan Hajja ya bugo waya ya ce muwajjih, wato mai duba malaman Turanci na yankinmu gaba ɗaya, tsohon ɗalibinta ne, ya ji tana nan, zai zo gaishe ta ranar Laraba. Wannan mutum shi ke rubuta rahoto a kanmu. Da rahotonsa ake ɗaga malami, da shi ake tura shi wani ƙauye mai nisa. Ranar ban iya cin abinci ba. Sau biyu na je bakin ƙofarta da niyyar in roƙe ta ta rufa mini asiri, sau biyu na tambaye ta ko tana son ruwa na juyo.

Da safe Baba ya shigo ya kwance ɗorin ya shafa mai ya sake ɗaurewa, ni ina riƙe masa ƙyalle. Da muka fito ya tsaya ya dube ni.

"Mi ya same ki? Tun jiya ba ki da fuska."

Na faɗa masa duka, har da *to* iri biyu, har da muwajjih. Ya saurara yana goge man da ke hannunsa. Baba bai san harafin boko ko ɗaya ba, kuma na ga maganar haruffan ba ta shige shi ba sam. Abu ɗaya ya tsinta.

"Ɗiyar mutane ki ka tsayar gaban 'yan'uwanta, alhali ita ad da gaskiya?"

Na ce e.

"Ubanta na kawo muna kifi tun ba a haife ki ba. Ki tai gidansu yanzu, tun rana ba ta yi zafi ba. Shi mai rahoton, in ya zo a ba shi shayi."

Gidansu yana can ƙarshen gari inda ake shanya taru. Na tarar da uwar tana gyaran kifi, ta tashi da sauri tana neman tabarma, tana ba ni haƙuri tun ban ce komai ba. Ta ɗauka ƙara na kawo. Ta ce ta yi wa yarinyar faɗa a kan gardama da manya, kuma gobe za ta koma darasi ko tana so ko ba ta so. Na ce a kira mini ita. Ta fito ta tsaya a jikin katanga, ido a ƙasa.

Na shirya magana mai tsawo a hanya, amma da na gan ta sai ta gudu. Na ce, "Ke ce da gaskiya. Littafinki daidai ne, ni ce na yi kuskure, kuma tun kafin ki shigo ajina nake yin sa. Abin da na yi miki ranar Talata ban kyauta ba. Ki yafe mini."

Uwar ta riƙe baki. Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta daɗe, kamar tana jiran in ƙara da wani abu da zai rushe maganar. Da ta ga babu, sai ta tambaye ni abin da ban zata ba.

"Ustaza, me ya sa? Na ga haka yake, amma ban san dalili ba."

Muka zauna a kan tabarmar, ƙamshin kifi ya cika wurin, na yi mata bayanin da aka yi mini jiya, da na gaji da zama, da gwajin sa suna. Kafin in gama ta riga ni. Ta ce ashe shi ya sa ta taɓa ganin *in addition to working*, ta ɗauka shi ma kuskure ne. Uwar ta cika mini kwano da soyayyen kifi, na ƙi karɓa, ta biyo ni da shi har bakin hanya.

Ban taɓa jin tafiya ta yi mini sauƙi kamar ta komawa gida ranar ba. Babu abin da ya canza game da Laraba, amma na ci kifin nan har na suɗe hannu.

Ranar Lahadi, farkon satin makaranta, na shiga aji na sa aka fito da littattafai. Na rubuta jimlar a allo da haruffanta cikakku, na ce musu wadda ke kan allo ita ce daidai, kuma ni ce na sa aka ɓata ta. Na zaci za su yi dariya, ko daga ranar su daina yarda da ni. Wata daga gaba ta ɗaga hannu ta tambaya ko waƙar ta mutu ke nan. Na ce ba ta mutu ba, amma ba kullum take da gaskiya ba, kuma daga yau kafin a rera ta sai an yi gwaji. Muka ɗauki biro muka mayar da haruffa ukun a saman inda aka soke su, littafi bayan littafi, har da na cikin ma'aji. Da aka tashi na je na faɗa wa shugabar makaranta. Ita lissafi ta karanta. Ta ce tunda an gyara, in tabbata dai an mayar da littattafan wurinsu.

Muwajjih ya iso ranar Laraba bayan azahar, da jakar lemo da ayaba. Babban mutum ne mai furfura, amma ya durƙusa a gaban gadon Hajja ya sumbaci kanta kamar yaro. Na kai musu shayi, na koma ɗakin Inna na zauna ina jin muryoyinsu ba na jin abin da suke cewa. Da la'asar ta yi 'yan matan suka fara shigowa, ɗiyar masunci a cikinsu. Na yi niyyar sallamarsu, sai Hajja ta kira ni.

"Ga malamar garin," ta ce masa. "Ka zauna ka ga darasinta, za ka ƙaru."

Aka kawo masa kujera bakin rumfa, ya ciro ɗan littafinsa na rahoto ya ɗora a gwiwa. Na tsaya a gaban allo na rasa ta inda zan fara. Ban san me ta faɗa masa ba, ban san me ta bari ba. Sai na ga gara ya ji daga bakina. Na juya na ce masa, a gaban yaran, darasin yau maimaici ne na wata ƙa'ida da na yi shekara tara ina koyar da ita ba daidai ba, sai Juma'ar da ta wuce aka gyara mini. Ya ɗaga gira ya dubi Hajja. Daga yadda ya dube ta na gane ba ta faɗa masa komai ba.

Na yi darasin. Na ba da misalan Hausa, yaran suka fassara masa da Larabci suna dariyar na gaji da zauna. Na rubuta jimloli shida a allo, ɗiyar masunci ta fito ta yi gwajin sa suna a kan kowacce, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Da muka gama ya tambaye ni littattafan fa. Na ce mun mayar da haruffan da biro. Ya yi dariya har ya cire hularsa ya goge kai. Ya ce wannan kuskuren yana tarar da shi a makarantu da yawa, kuma galibi idan ya gyara wa malami sai an yi fushi da shi wata guda. Ya rufe ɗan littafin ba tare da ya rubuta komai ba, sannan ya sake buɗe shi ya miƙo mini da biro. Ya ce in rubuta masa misalan nan na Hausa, akwai ƙauyukan Hausawa da dama a ƙarƙashinsa, kuma malamansu da yawa ba su san za su iya jawo yaren gida cikin aji ba.

Bayan motarsa ta tashi na shiga ɗakin Inna na kwanta a ƙasa, a kan siminti mai sanyi, na miƙe ƙafafu. Inna ta leƙo ta tambaya ko zazzaɓi ne. Na ce lafiya lau nake, hutawa kawai nake yi.

Sauran kwanakin Hajja a gidanmu sun zama makaranta a gare ni. Kullum da hantsin Juma'a da Asabar nakan kawo littafin in karanta mata shafi shafi, tana tsayar da ni. Ta samo wasu kurakuran guda biyu, ƙanana, ba su kai na farko ba, kuma wannan karon ban ambaci malamin Sinnar ba. Na tambaye ta me ya sa ta yi kwana uku ba ta yi magana ba. Ta ce tana cin abincin gidanmu, ubana yana riƙe da ƙafarta, ta daɗe tana tunanin ko ya dace ta buɗe baki. Rashin dawowar yarinyar ne ya sa ta yanke shawara. Ta yi kwana arba'in da shida, ta taka da sanda daga ɗaki zuwa mota da ƙafarta. A bakin motar ta riƙe hannun Inna ta ce mata da Hausa, "Na gode da zama," muka bar ta a haka ba mu gyara ba.

Imtihanin shekarar ya zo ya wuce, tambayar ba ta fito ba ko sau ɗaya. Ɗiyar masunci ta ci da kyau ta tafi sakandare.

Tsofaffin ɗalibaina kuwa ba yadda zan tara su, sai na riƙa bin su ɗaya ɗaya duk inda muka haɗu, a gidan suna, a gidan biki, a cikin motar Abu Hujar. Yawancinsu sukan yi dariya su ce sun manta Turancin gaba ɗaya, waƙar kawai ta rage. Wata ta ce in bar mata abinta haka, da ita take lallashin ɗanta.

Bara na raka Inna asibiti a Sinnar a duba mata ido. Ma'aikaciyar da ta karɓi katinmu ta ɗago ta ce ustaza, sai na gane ta, tana cikin aji na biyu da na yaye. Bayan mun gaisa na ja ta gefe na fara yi mata bayani. Ta saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta ce ta sani. Tun shekararta ta farko a makarantar jinya wata malama ta gyara mata a takarda.

"Shekara nawa ke nan? Kina zuwa gida kowace salla, me ya hana ki faɗa mini?"

"Ustaza, da wane baki?" ta ce, tana dariya tana rufe fuska da katin Inna.

Na ce mata nan gaba in ta ga wani ta aiko mini, ko a waya ne. Ta ce to. Sannan ta kama hannun Inna ta shigar da ita wurin likita, ni kuma na samu benci a inuwa na zauna ina jiransu.